Daga Ƙazuwa Zuwa Ƙoda: Ciwon Da Ke Biyo Bayan Sauƙi A Fagge Da Sabon Gari

Idan hunturu ya kankama a Kano, akwai cutar da ke yawo a lungunan Fagge da gidajen haya na Sabon Gari, wadda ba kasafai ake kai ta asibiti ba, domin ba a ɗauke ta a bakin komai ba. Ƙazuwa ke nan. Ɗaki ɗaya, yara biyar, bargo ɗaya. Ruwan wanka sai an saya wurin ɗan garuwa, ga sanyi ya sa kowa yana ƙyuyar shiga bayi. A tsangaya abin ya fi haka, domin almajirai kan kwana jiki da jiki a zaure. Ka kama hannun yaro ka ware yatsunsa, za ka ga ƙananan ƙuraje a tsakankaninsu da wuyan hannu da gwiwar hannu, wasu sun fashe sun yi ɓawo rawaya-rawaya, wasu suna fitar da mugunya. Da dare ƙaiƙayi ya hana shi barci, ya yi ta susa har sai ya ga jini. Manya su ce ai ƙazuwa ce, wane ne bai yi ta ba yana yaro?

Bayan mako uku zuwa shida, ƙurajen sun bushe, an ma manta da su, sai wata safiya yaron ya tashi da fuska a kumbure, idanu sun ƙanƙance. Da rana kumburin ya ɗan saɓe, washegari ya dawo. Ka danna ƙaurinsa da babban yatsa, ka ɗaga, wurin ya lotsa ya daɗe bai cike ba. Fitsari ya ragu, wanda yake fita kuma ya koma launin baƙin shayi. A nan ne gida ke rabuwa: wata ta ce shawara ce, wani ya ce tsargiya ce, kaka ta ce a binciki ko an yi masa sammu. Ba wanda zai tuna da ƙazuwar watan jiya, alhali ita ce mafarin lamarin.

Likitocin Jami'ar Ahmadu Bello sun rubuta wannan alaƙa tun 1973. Hilton Whittle da M. T. Abdullahi da Eldryd Parry da abokan aikinsu sun bi diddigin ƙazuwa da gyambon fata da ciwon ƙoda a Zariya, suka nuna cewa su ukun a jere suke tafiya. Ƙwaron ƙazuwa ya huda fata, susa ta buɗe ƙofa, wata ƙwayar cuta mai suna sitireftokokas ta shiga ta zauna. An ga irin haka a tsibirin Tirinidad a shekarun 1960, ana kuma ganinsa har yau a ƙauyukan 'yan asalin arewacin Ostireliya. Wani ƙiyasi da aka buga a 2005 ya nuna kimanin mutum 470,000 ke kamuwa da wannan nau'i na ciwon ƙoda duk shekara a duniya, kusan dukkansu a ƙasashe matalauta.

Abin mamakin shi ne, idan aka duba ƙodar yaron ba za a tarar da ƙwayar cutar tana cinta ba. Garkuwar jikinsa ce ta yi ɓarnar, a wajen ƙoƙarin kare shi.

Yadda ƙullin yake ƙulluwa

Duk baƙon abu da ya shiga jiki, ƙwayar cuta ce ko dafi ko jinin wata dabba, yana ɗauke da wasu alamu da garkuwar jiki ke gane shi da su. Likitoci na kiran alamar antijin. Cikin mako ɗaya zuwa biyu jiki zai ƙera wani sinadari da ya dace da wannan alama daidai wa daida, wato antibodi. Antibodi yana da hannu biyu na kamu, antijin kuma yakan zo da wurin kamawa fiye da ɗaya, don haka sai wannan ya riƙe wancan, wancan ya riƙe na gaba, su sarƙe su zama ƙulli. Wannan ƙullin garkuwa yana samuwa a jinin kowa kullum, kuma alheri ne: jajayen ƙwayoyin jini kan ɗauke shi su kai hanta da saifa, a can a narkar da shi ba tare da mutum ya sani ba.

Matsala takan taso ne daga yawa da kuma girma. Idan antibodi ya wadata, ƙullin yakan yi girma, hanta da saifa su gan shi su cafke nan take. Idan kuwa antijin ya ɗan fi yawa, sai a samu ƙanana da matsakaitan ƙulli masu ɗimbin yawa, su kuɓuce wa masu shara, su yi ta zagaye a jini har su maƙale a inda jini ke ratsa siraran jijiyoyi da ƙarfi: gaɓoɓi, fata, ido, sai kuma uwa uba ƙoda. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, su biyun kuma suna tace ruwa kusan lita 180 a yini a jikin baligi, su mayar da kusan duka cikin jini, abin da ke fita fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi ba. Wurin da ake irin wannan tata, dole abin da ke yawo a jini ya taru a can. Wani lokaci ma antijin ɗin ne ke fara maƙalewa a matatar, antibodi ya biyo shi, su ƙulle a wurin.

Maƙalewar kaɗai ba ta isa ta kwantar da yaro ba. Abin da ke biyo baya ne mai zafi. Ka ɗauka an kama ɓarawo a cikin rumfar wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, aka yi ihu, jama'a suka yi dafifi kowa da sandarsa. Kafin ƙura ta lafa an tattake atamfofi, an karya kanta, mai rumfa da bai ji ba bai gani ba shi ne da asara. Ihun a jiki wasu sinadarai ne na jini da ake kira kwamfiliment. Da zarar sun ci karo da ƙulli sai su farka, su buɗe jijiyoyi, su kira fararen ƙwayoyin jini. Su kuma da suka iso suka kasa haɗiye abin da ke manne da bangon jijiya, sai su zazzage gubar da suke kashe cuta da ita a wurin. Matatar ta kumbura ta yayyage, jini da furotin su zurare cikin fitsari, gishiri da ruwa su kasa fita, su taru a jiki. Kumburin fuska ke nan, hawan jini ke nan a jikin yaro ɗan shekara bakwai. Shi ya sa idan aka auna jininsa za a ga wani ɓangare na kwamfiliment mai suna C3 ya yi ƙasa sosai, saboda an cinye shi a wajen faɗan. A 1963 Philip Gell da Robin Coombs na Ingila suka kasa cututtukan da garkuwa ke jawowa gida huɗu, wannan shi ne na uku.

Tsakanin kemis da asibiti

Labari mai daɗi shi ne, fiye da tara cikin goma na yaran da suka kamu da wannan ciwo suna warkewa sarai. Kumburi ya saɓe cikin mako ɗaya ko biyu, C3 ya koma daidai cikin mako shida zuwa takwas, ko da yake ɓurɓushin jini da ido ba ya gani yakan daɗe a fitsari har shekara. Abin da ke kisa yana cikin kwanakin farko: jini ya hau har yaro ya kama jijjiga, ko ruwa ya cika huhu ya kasa numfashi, ko fitsari ya ɗauke gaba ɗaya. Aikin asibiti shi ne a tsallakar da shi waɗannan kwanaki. A auna jininsa safe da yamma, a auna fitsarin da yake yi, a rage masa ruwa, a hana shi gishiri, a ba shi maganin fitar da ruwa irin su Lasix da na saukar da jini, a kuma ba shi penisilin don kashe ragowar ƙwayar cutar kada ya shafa wa ƙannensa.

Amma a Fagge da Sabon Gari kemis ya fi asibiti kusa, ya kuma fi saurin sallama. Shekara da shekaru kasuwar Sabon Gari da kewayen Malam Kato su ne cibiyar hada-hadar magani a arewa, kafin a tilasta wa dillalai komawa Dangwauro da ke kan hanyar Zariya a 2024. Dillalai sun tashi, al'adar ba ta tashi ba. Uwa ta tsaya bakin kanta ta ce, "Malam, a haɗa min na kumburi da zafin jiki na yaro." A ɓallo mata ƙwayoyi kala uku ko huɗu a ƙulla a leda, a cikinsu da wuya a rasa diklofenak ko ibufurofen. Waɗannan magunguna suna rage jinin da ke shiga ƙoda, kuma ƙodar da ke cikin wannan hali ba ta iya ɗaukar haka. A gida kuma a jiƙa masa saiwa da kanwa, a dafa miya da gishiri da dunƙule kamar kullum, a yi ta ɗura masa ruwa wai ya wanke cikinsa. Duk cikin ƙauna ake yi, duk kuma ƙara wa ƙodar kaya ake yi.

Rarrabewar ba ta da wuya ga mai lura. Mai shawara idonsa kan yi rawaya. Mai tsargiya jan jini yake gani, galibi a ƙarshen fitsari, fuskarsa kuma ba ta kumbura. Wanda fitsarinsa ya yi duhu tun daga farko har ƙarshe, fuska ta kumbura da safe, aka kuma tuna ya yi ƙuraje a watan da ya wuce ko ciwon maƙogwaro kwana goma baya, wannan na asibiti ne a ranar, ba gobe ba. Ɗan tsinken gwajin fitsari da ake tsomawa a kwalba ya canja launi cikin minti ɗaya ya isa ya nuna jini da furotin.

Jinin doki da Asibitin Zana

Duniya ta fara gane wannan ƙulli ne ta hanyar mashaƙo, cutar da ta sake addabar Kano daga ƙarshen 2022. A 1890 Emil von Behring na Jamus da Shibasaburo Kitasato na Japan suka gano cewa ruwan jinin dabbar da ta saba da dafin cuta yana iya kare wata. Ba a daɗe ba aka koma sarrafa makarin mashaƙo daga jinin dawaki, yara bila adadin suka tsira, Behring ya karɓi kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901. Sai dai a birnin Biyana na Ostiriya, likitocin yara biyu, Clemens von Pirquet da Béla Schick, sun lura cewa wasu yaran da aka yi wa allurar sukan koma kwance bayan kwana takwas zuwa goma sha biyu da zazzaɓi da borin jini da ciwon gaɓoɓi da kaluluwa. A littafin da suka fitar a 1905 suka ce jikin yaron ne ya ɗauki ruwan jinin dokin a matsayin baƙo, ya yi masa antibodi, haɗuwar su biyun ce ciwon. Sai a shekarun 1950 Frank Dixon da Frederick Germuth a Amurka suka tabbatar da haka a jikin zomaye: daidai lokacin da antibodi ya bayyana, ƙulli ya cika jini, a lokacin ne ƙoda da jijiyoyi suke kamuwa.

Har yau makarin mashaƙo daga doki ake samunsa. Da cutar ta yi ƙamari a 2023, Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa, Asibitin Zana da ke titin France Road a ƙaramar hukumar Fagge da Asibitin Murtala suka zama wuraren kwantar da yara, tare da tallafin ƙungiyar likitoci ta MSF. Makarin nan ceton rai ne, kuma duk uban da aka ce a yi wa ɗansa ya amince ba tare da jinkiri ba, domin dafin mashaƙo yana kama zuciya. Ciwon da kan biyo bayan allurar kuwa a wasu yaran yana wucewa cikin kwanaki da ɗan magani mai sauƙi. Haka abin yake ga makarin dafin maciji da ake ba wanda kububuwa ta sara a Kaltungo da sauran wurare, shi ma daga jinin doki ko tunkiya ake yinsa.

Abin da nake jin ya zama wajibi shi ne a riƙa faɗa wa iyaye wannan tun ranar sallama. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, shekarar da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan kan yara masu sanƙarau a wannan Asibitin Zana, shari'ar da sai a 2009 aka sasanta ta da gwamnatin jiha. Inda aka taɓa yin irin wannan, amana tana da tsada. Uwar da aka ce mata, "Mama, in kin ga zazzaɓi da ƙuraje da ciwon gaɓa bayan mako guda, kada ki tsorata, ki dawo mana da shi," za ta dawo. Wadda ba a gaya wa komai ba za ta ce allurar ce ta sa wa ɗanta wata cuta, maganar ta zaga unguwa, gobe maƙwabciyarta ta ɓoye nata ɗan.

Abin da sanƙarau ya koyar a Zariya

A cikin binciken da aka yi kan ƙullin garkuwa a jikin ɗan Adam, na Zariya yana cikin waɗanda ake ambato har yau, kuma kan marasa lafiyarmu aka yi shi. A 1973 mujallar ƙungiyar likitocin Birtaniya ta buga rahoto biyu daga asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, na Whittle da Brian Greenwood da Anthony Bryceson da abokan aikinsu. Cikin mutum 717 da suka kamu da ƙwayar sanƙarau, 53 sun samu wata matsala ta daban bayan magani ya fara aiki: 47 gaɓoɓinsu sun kumbura, 12 jijiyoyin fatarsu sun kumbura sun yi tabo, 6 idonsu ya yi ja, wasu sun haɗa biyu ko uku. Abin yakan zo ne kwana shida zuwa tara da fara ciwon, wato daidai lokacin da dangi suka fara hamdala. Da suka auna jini sai suka ga antijin na ƙwayar ya ɓace, antibodi ya tashi, C3 ya faɗi, suka kuma tarar da su ukun tare a gaɓa da fatar da ta kamu.

Amfanin wannan sani a bakin gado yake. Gwiwar da ta kumbura a rana ta bakwai, zazzaɓi ya dawo, ba lallai ne maganin ya gaza ba. Sau da yawa alama ce ta cewa jiki ya ci ƙarfin cutar, kuma gaɓar takan warke ba tare da nakasa ba. Likita ne zai tantance, amma majinyacin da ya san haka ba zai ɗauke mara lafiya da tsakar dare ya nufi gida ba. A yankin da sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 ya kashe sama da 11,000 a 1996 kaɗai, kuma yake leƙowa duk bazara, wannan ba ƙaramin darasi ba ne.

Idan baƙon ya ƙi tafiya

Duk waɗannan masu wucewa ne, domin antijin ɗin yana ƙarewa. Wahala ta gaske tana ga cutar da ta zauna a jiki tana zuba antijin ba dare ba rana. A Ibadan, Herbert Gilles da Ralph Hendrickse sun nuna a 1963 cewa wani nau'in zazzaɓin cizon sauro mai dawowa bayan awa 72 yana tare da ciwon ƙoda mai kumbura yara, wanda ba ya jin magani, a 1969 kuma aka gano ƙullin garkuwa a ƙodar irin waɗannan yara. Masu kuturta da suka fara shan magani a Yadakunya, wasunsu kan fito da jajayen ƙullutai masu zafi da zazzaɓi, saboda gawarwakin ƙwayar cutar sun haɗu da antibodi. Wanda bai sani ba sai ya watsar da maganin, alhali ci gaba da sha ake so tare da ƙarin wani maganin. Akwai kuma lufus, wadda tara cikin goma na masu ita mata ne, inda jiki ke yi wa nasa sassan antibodi.

Wanda ya fi shafar mu da yawa shi ne ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi. Kowa ya san yana lalata hanta, kaɗan ne suka san ƙullinsa yana toshe matatan ƙoda, musamman a yara. A Taiwan da Afirka ta Kudu wannan nau'i na ciwon ƙoda ya ragu ƙwarai bayan an game yara da rigakafi. Najeriya ta sa allurar cikin rigakafin jarirai tun 2004, ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, sauran suna cikin allurar da ake yi a mako 6 da 10 da 14, wadda ita ce kuma take kare mashaƙo. Matar da ta haihu a gida ta jira sai bayan suna ko arba'in, ta riga ta wuce lokacin da ya fi dacewa da ta farkon.

Asibitin Malam Aminu Kano yana wankin ƙoda, yana dashenta tun 2002, amma duk wanda ya taɓa jinyar mai wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako ya san gida da gona da jari sukan tafi kafin a kai ko'ina. Ɗan dako a kasuwar Sabon Gari ko tela a Fagge ba shi da wannan ƙarfi. Maganin ƙazuwa kuwa, man benzil benzowet ko na farar wuta ko ƙwayar ibamektin, yana cikin mafi araha a kanta, sharaɗinsa kawai a yi wa duk masu kwana tare a rana ɗaya, a wanke tufafi da shimfiɗa a shanya a rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙazuwa cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017, ta ce a kowane lokaci mutum aƙalla miliyan 200 suna fama da ita. A tsibiran Fiji, da aka raba wa jama'ar gari gaba ɗaya ibamektin, ƙazuwa ta ragu da kashi 94 cikin ɗari a shekara guda, gyambon fata kuma da kashi 67.

Don haka kirana ga hukumar lafiya matakin farko ta jihar Kano da shugabannin ƙaramar hukumar Fagge shi ne, kafin hunturu mai zuwa a zauna da alarammomi da masu unguwanni a tsara rabon maganin ƙazuwa tsangaya-tsangaya, gida-gida, kamar yadda ake rabon maganin zazzaɓi da damina. A tabbatar kowane ƙaramin asibiti yana da tsinken gwajin fitsari da abin awon jini daidai hannun yaro. Kai kuma mai kemis, idan aka zo maka da yaro mai kumburarriyar fuska, don Allah kada ka haɗa komai, ka tura su asibiti.